Keken Zailani Mai Batir

Malam Ya'u ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran keke a Ƙofar Jatau, a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar gidansu. Yawancin aikinsa faci ne da ɗaurin waya na kekunan 'yan kasuwa da malaman makaranta. Amma abin da ya kai sunansa har Kaduna keke ɗaya ne, keken tsere na ɗan yayarsa, Zailani.

Zailani malamin firamare ne a cikin birni, ya kuma shekara shida yana yi wa jiha tseren keke. A daminar 1994, lokacin da man fetur ya yi ɓatan dabo, kocinsu, wani tsohon soja da ake kira Bahago, ya ce mutum uku kawai za a iya kaiwa gasar ƙasa. Za a fitar da su ta hanyar tsere daga Ƙofar Doka zuwa Soba da dawowa, ranar Asabar ta ƙarshen Agusta. Zailani yana da shekara ashirin da tara, samarin Kaduna kuma sun fara taka masa dunduniya. Ya san idan bai shiga bana ba, da wuya ya ƙara shiga.

Saura wata guda a yi tseren, Kabir, wan matar Zailani, ya dawo daga wani kwas na aikin gona a Faransa, ya zo masa da tsaraba a cikin kwali. Tare suka kawo kwalin rumfar Malam Ya'u bayan la'asar, lokacin da dattawan unguwa suka cika bencin da suke hira a kai.

Keken Zailani, kamar na kowa a lokacin, yana da liba biyu na ƙarfe a jikin bututun da ke tsakanin gwiwoyi. Ɗaya tana jan waya ta canza giyar baya, ɗaya kuma ta gaba, inda sarƙa ke hawa babban faranti ko ta sauko ƙarami. Duk wanda zai canza giya sai ya saki hannu ɗaya ya sunkuya, abokan tsere kuwa da sun ga hannun ya sauka sun san abin da mutum ke shirin yi. Abin da ke cikin kwalin, in ji Kabir, ya kashe wannan. Maɓalli biyu ne a kan keke, wato wurin riƙo, inda babban yatsa yake, da ɗan batir da ake cusawa cikin bututun kan, da siririyar wayar lantarki da ke bi har baya. Ka danna, sarƙa ta hau. Ka danna ɗayan, ta sauko. Giyar baya kaɗai yake yi, ta gaba tana nan da libarta da wayarta.

Malam Ya'u ya karɓi na'urar ya juya ta a hannu ya sake juyawa. Neman noti yake yi ko kusar da zai kwance ya ga cikinta, bai samu ba. A liƙe take ruf.

"Idan ta tsaya a hanya, ina zan sa hannu?" ya tambaya.

Kabir ya ce ba ta tsayawa, ya gani da idonsa a talabijin manyan 'yan tsere suna hawa da ita. Malam Ya'u ya ce su can ba su san ruwan Agustan Zariya ba, kuma shi tunda yake bai taɓa jin an sa wa keke batir kamar tocila ba. 'Yan benci suka yi dariya. Ya ƙara da cewa waya in ta yi gardama yana iya gyara ta da filaya a bakin titi, wannan kuwa sai dai a mayar da ita Faransa. Suka sake dariya. Kabir ya cire tabarau ya goge.

Zailani ya jira har mutane suka tashi sallar magariba, sannan ya yi magana, murya ƙasa ƙasa.

"Kawu, ina so a ɗaura. In ba za ka yi ba, gobe zan kai Sabon Gari."

Malam Ya'u ne ya haɗa keken nan da hannunsa daga firam ɗin da aka sayo a gwanjo, gangar jikin keke tsura, babu wani mai gyara da ya taɓa ɗora masa sifana. Ya dubi ɗan yayarsa, sannan ya ce masa ya bar keken a nan.

Kwana uku suka yi a kai. Kabir yana karanta takardar da Faransancinsa na wata shida, yana tuntuɓe, Malam Ya'u yana ɗaurawa yana kwancewa. A rana ta huɗu Zailani ya fita da shi hanyar Wusasa, ya dawo yana haki yana murmushi. Ya ce a tsaye kan feda, tsakiyar hawa, ya canza giya sau uku bai saki hannu ba. Malam Ya'u ya ce to madalla, a jira ruwa.

Ruwan ne ya hana shi sukuni. Makon ƙarshe duk a kan na'urar ya ƙare. Ya yanka tsohon tub siri siri ya naɗe duk inda wayar lantarki ta haɗu da wata, ya narka kakin zuma ya toshe bakin bututun da batir yake. Ya riƙa ɗaga keken a kan igiya yana kwarara masa ruwa da buta, yana juya feda da hannu yana danna maɓalli. Kullum sarƙa sai ta hau ta sauka daidai, kullum kuma sai ya ji hankalinsa bai kwanta ba. Ranar Juma'a ma, daga masallaci rumfa ya koma ya ƙara wani naɗin.

Asabar da safe mutum goma sha huɗu suka jeru a Ƙofar Doka. Titi fayau, sai jefi jefi babbar mota, saboda rashin mai. Kabir ya kwana biyu a layi kafin ya samu abin da ya zuba wa babur ɗinsa, shi zai ɗauki Malam Ya'u su bi bayan 'yan tsere da taya ta ko-ta-kwana da jakar kayan aiki. Sun gaisa sama sama. Gabas ta riga ta yi baƙi.

Zuwa Soba ba a yi wani abu ba. An tafi a dunƙule, ana karɓar gaba bi da bi, waɗanda ƙarfinsu bai kai ba suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zagaya gangar da aka ajiye a tsakiyar titi aka juyo, saura mutum takwas. Sun wuce Maigana kaɗan iska ta taso, sai ruwa ya sauko gaba ɗaya, irin wanda ke dukan fuska kamar tsakuwa.

Malam Ya'u ya leƙo ta kafaɗar Kabir, idonsa a kan tayar bayan Zailani. Ruwan titi mai jar ƙasa yana fallatsa kai tsaye a kan na'urar. Ya ji Kabir yana karanta wani abu a hankali, ya gane addu'a ce.

A wani ɗan hawa Zailani ya miƙe kan feda. Hannuwansa biyu suna kan keke, babu wanda ya ga alamar komai, sai kawai aka ga ya fice. Kafin sauran su sunkuya su lalubi libarsu da jiƙaƙƙen hannu ya ba su tazara. Mutum huɗu ne suka iya kamo shi: Ja'afaru, wani dogo daga Tudun Jukun, da samarin Kaduna uku. Sauran aka bar su a baya. Kabir ya buga cinyarsa da tafin hannu, babur ya yi tangal tangal, Malam Ya'u ya ce masa ya dubi hanya.

Su biyar suka ci gaba, uku ake nema. Saura kamar kilomita goma sha biyar, bayan wani dogon hawa da suka yi a kan ƙaramin faranti, hanya ta miƙe ta fara gangara. Duka biyar suka kai hannu ƙasa don mayar da sarƙa kan babba. Huɗu suka dafe suka tafi. Zailani kuwa ƙafafunsa suka riƙa juyawa da sauri kamar mai wasa, keken ba ya ƙara gudu. Ya sake kai hannu, ya sake. Tazara ta fara buɗewa.

"Shi ke nan," in ji Kabir. "Ta mutu. Ruwa ya shige ta."

Malam Ya'u ya ƙura wa keken ido. Ya ga sarƙar a kan ƙaramin faranti, ya ga libar gaba tana lilo babu abin da ke riƙe ta, ya ga guntun waya yana reto a ƙarƙashin firam. Wayar giyar gaba ce ta tsinke, tasa, wadda ya ɗaura da hannunsa tun watan azumi. Shekara shida, duk jajibirin tsere sai ya cire wayoyin keken nan ya sa sababbi, ko da tsofaffin ba su nuna komai ba. Sabuwar tana cikin aljihun teburinsa a naɗe cikin takardarta. Jiya ya buɗe aljihun ya ɗauki kakin zuma a gefenta, ya rufe.

Ya ce wa Kabir ya matsa kusa. Da suka jera da Zailani ya daka masa tsawa ya tsaya. Zailani ya girgiza kai, yana ta juya ƙafa, ruwa na zuba daga haɓarsa. Malam Ya'u ya ce a haka ba zai kamo kowa ba ko zai mutu, ya tsaya ya ba shi minti ɗaya. Zailani ya ja birki.

Malam Ya'u ya diro tun babur bai gama tsayawa ba, gwiwarsa ta bugi kwalta. Babu lokacin zura sabuwar waya ko da yana da ita. Ƙarfen da ke ɗaga sarƙa yana da sifirin da ke mayar da shi ciki in babu waya, don haka sai an tura shi waje an tokare. Ya laluba bakin titi ya ɗauki tsakuwa, ya tura ƙarfen da yatsa, ya cusa. Ta yi ƙanƙanta, ta faɗo. Ya ɗauki wata mai kaifi, ya cusa, ya buga ta da gindin filaya sau biyu. Ya ɗaga tayar baya ya juya feda, sarƙa ta kama babban faranti ta zauna.

"Kada ka taɓa ta gaba. Da ta baya za ka ƙarasa," ya ce.

Zailani bai dube shi ba. Ya hau, Malam Ya'u ya tura shi da gudu har sai da takalminsa ɗaya ya fita.

Huɗun nan sun zama ɗigo a cikin ruwa. Zailani ya kwantar da ƙirji a kan keke ya bi su. Yanzu duk hawan da ya rage a kan babban faranti zai yi shi, abin da zai sauƙaƙa masa kawai giyar baya ce. Daga kan babur Malam Ya'u yana kallon na'urar, ta yi jawur da laka, tana matsawa ciki da waje duk lokacin da yatsan Zailani ya motsa. Ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. A hawan da ke bayan gadar Galma Zailani ya miƙe tsaye, keken yana karkata dama da hagu, ya cim ma ɗaya daga samarin Kaduna wanda ƙafarsa ta ɗaure, ya wuce shi ko waiwaye babu. Saura uku a gaba, na ukun kuma ya fara rabuwa da biyun farko. Ana ganin bayan rigarsa sosai.

A nan babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Kabir ya girgiza tanki, ya kwantar da shi gefe, ya buga, ya sake bugawa. Babu ko ɗigo. Malam Ya'u ya ajiye tayar da ke kafaɗarsa ya kama tafiya, yana gudu yana tsayawa, ƙafa ɗaya babu takalmi. Wani mai kai madara a keke ya tausaya masa ya ɗauke shi a baya.

Kafin ya isa Ƙofar Doka an gama. Ruwa ya tsagaita. Zailani yana zaune a bakin kwata, kansa tsakanin gwiwoyi. Ja'afaru ne na ɗaya. Zailani ya zo na huɗu, tsakaninsa da na uku bai kai tsawon keke ba.

Labari kuma ya riga Malam Ya'u isowa. An ga Zailani ya tsaya a hanya, an san kekensa mai batir ne, an ga ruwan da aka yi. Mutane suka tare shi suna cewa ai ya faɗa, maganar manya ba a wasa da ita. Koci Bahago ya dafa kafaɗarsa ya ce daga yau kada wanda ya ƙara kawo masa irin wannan abu sansanin horo. Wani ya tambayi Zailani abin da ya faru, ya ce keke ne ya ba da matsala, ya miƙe ya ja abinsa ya tafi gida. Malam Ya'u ya buɗe baki, sai wani ya miƙo masa takalmi aro, ya sunkuya ya saka, maganar ta wuce.

Lahadi bai buɗe rumfa ba, ya ce gwiwarsa ce. Matarsa ta gasa masa ita da ruwan zafi, ta ce an ce Kabir ya je gidan Zailani ya ba da haƙuri har da hawaye, ƙanwarsa Maimuna, matar Zailani, ma ta ƙi fitowa ta gaishe shi. Shi Kabir a bakin titin yana riƙe da babur, tabaransa sun jiƙe, bai ga abin da aka gyara ba. Malam Ya'u ya ce ta bar gashin haka, ya isa.

Litinin bayan la'asar benci ya cika fiye da kullum. Ana cikin maimaita labarin tseren sai ga Kabir ya turo keken Zailani, kwalin nan a ɗaure a bayan sirdi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida dattawa. Ya rame a kwana biyu.

"Malam, ka faɗa ban ji ba," ya ce. "Ga shi, a cire ta. Ni na jawo masa."

Wani dattijo ya ce ba komai, yaro ai da haka yake koyo. Malam Ya'u ya karɓi keken ya rataye a igiya. Tsakuwar tana nan inda ya cusa ta. Ya ɗauki sifana, ya tsaya da ita a hannu, yana jin idanun mutane a bayansa. Minti goma ya isa ya kwance na'urar ya mayar cikin kwali, babu kuma wanda zai ƙara tayar da zancen.

Ya ajiye sifanar. Ya juya feda da hannu ɗaya, ya danna maɓalli da ɗayan. Sarƙa ta hau, ta hau, ta hau, har ƙarshe, ya sauko da ita ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zare guntun wayar daga ƙarƙashin firam ya miƙa wa Kabir, bakinta a tarwatse, da tsatsa.

"Abinka lafiyarsa ƙalau. Wannan ce ta tsinke, wayar gaba. Ni na ɗaura ta, ni ya kamata in canza ta ran Juma'a, ban canza ba. Sabuwar ga ta nan a aljihun tebur."

Kabir ya dubi wayar, ya dubi Malam Ya'u. Ya tambaya ko tun a hanya ya sani. Malam Ya'u ya ce tun kafin ya sauka daga babur. Kabir ya ce, a Ƙofar Doka fa, da mutane ke magana? Malam Ya'u ya ce yana ji, ya yi shiru.

Kabir ya sake duban abin da ke hannunsa. Sannan ya ajiye wayar a kan tebur a hankali, ya kwance kwalinsa daga bayan sirdi, ya yi wa dattawa sallama ya tafi. Wani a benci ya fara cewa ai waya ko ta wa ce tana tsinkewa, Malam Ya'u ya ce masa ba wannan ba. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da abin yi.

Washegari ya shiga bayan wata motar hatsi zuwa Kaduna, ya sami Bahago a filin wasa ya nuna masa wayar. Ya ce mutumin da ya tsaya kusan minti guda a hanya ya kuma zo na huɗu da tazarar da ba ta kai keke ba, ai shi ya fi kowa ƙarfi ran nan. Bahago ya ce ya sani, shi ma ya lissafa. Amma an yi tsere a gaban jama'a, sunaye uku sun riga sun tafi, ba zai cire yaron da ya ci da guminsa ba. Abin da ya ce game da na'urar dai ya janye.

Daga tasha Malam Ya'u gidan Zailani ya nufa. Suka zauna a zaure. Ya faɗa masa inda ya je da abin da aka ce. Zailani ya saurara yana kallon ƙasa.

"Tun da libar ta saki a hannuna na sani, Kawu," ya ce. "Bakina ne ba zai iya faɗa a gaban mutane ba. Amma da Yaya Kabir ya zo yana kuka, na zauna ina kallonsa, na ji na tsani kaina. Kai ma na ji haushinka."

Malam Ya'u ya ce yana da gaskiya. Ya nemi gafara, Zailani ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, amma bai ɗago kai ba, bai kuma raka shi ƙofa ba.

'Yan wasan jiha suka tafi gasar ƙasa a watan Oktoba ba da shi ba. Kabir ya koma gaida Malam Ya'u in sun haɗu a masallaci, gaisuwa gajera. Keken ya yi mako biyar a rataye a rumfa, an wanke shi, an sa sabuwar waya, babu wanda ya zo ɗauka.

Wata safiya, bayan an kawo amfanin gona, Zailani ya shigo da kayan tsere a jikinsa. Ya gaida kawunsa, ya sauke keken da kansa. Maimakon ya hau ya tafi, sai ya tsuguna ya bi wayar birki da yatsa tun daga hannu har taya, ta gaba da ta baya. Ya ja libar giya ya saki sau da yawa yana kallon ƙarfen. Ya karɓi sifana ya gwada notin tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Malam Ya'u yana tsaye a gefe da facin wani a hannu. Da Zailani ya zo kan notin sirdi ya rasa sifanar da ta dace, Malam Ya'u ya zaro mai lamba goma sha uku daga aljihu ya miƙa masa, ya nuna masa inda ake riƙewa ta ɗaya gefen don kada ya juya.